Tarihin Lefe da Jere a Birnin Kudu da Gwaram

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wadda ke ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kayan aure sun daɗe suna nuna arzikin gida. A da, dangin ango kan kai 'yan zannuwan saƙi cikin kwandon kaba, iyayen amarya kuma su yi mata jere da ƙore da tukwane, su haɗa da garar hatsi da man shanu.

Zamanin Turawa ya kawo atamfa da fantimoti da kwanonin sanholam, har yawan kwanon da aka jera a bangon ɗaki ya zama ma'aunin gatan amarya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara kawo akwatuna saiti-saiti da gadaje da kujeru.

A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, lefe kuwa al'ada ce, shi ya sa malamai ke wa'azin a sassauta.  Duk da haka, a karkarar Jigawa, manomi kan sayar da amfanin gona ko dabba kafin ya aurar da 'yarsa.