Jigo, Kakan Injin Ɗaga Kaya

Ƴan'uwa ɗalibai, a lakol mun san jigo a darasin adabi: jigon waƙa, jigon labari. Amma kafin kalmar ta shiga littafi, a lambu take. Jigo doguwar sanda ce da ake ɗora wa gwafa, a ɗaura guga a goshinta, a manna dunƙulen laka ko dutse a gindinta. Mai lambu ya ja igiya guga ya nitse, nauyin lakar ya ɗago ruwa, sai ya juya sandar ya zuba a fangali. Ni dai ra'ayina, wanga shi ne kakan injin nan mai hannun ƙarfe da ke juyawa yana ɗaga kaya a masana'antu.

Dabarar tsohuwa ce. A Masar akwai zanen jigo cikin wani kabari da ya haura shekara 3,000. A 1846 kuma, a birnin Newcastle na Ingila, William Armstrong ya kafa injin ɗaga kaya mai aiki da ƙarfin ruwa a bakin tashar jiragen ruwa. Ƙarfe ya maye itace, mota ta maye damtse, manyan injunan kuwa bulon siminti ne a bayansu maimakon laka. Hikimar dai ɗaya ce: ginshiƙi, hannu mai juyi, da nauyin da ke daidaita nauyi.

To mu fa? Filinge cikin Dallol Bosso take, inda ruwa bai yi nisa ƙwarai ba a wurare da yawa. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane noman rani, lambu ya zama abin riƙon rai. Daga baya injin ban ruwa ya zo, matasa suka raina duk abin da aka sassaƙa da itace. Na taɓa tambayar abokaina goma a Kurfai yadda ake ɗaure jigo, wallahi ko ɗaya bai iya ba.

Injunan da ke aiki a ma'adinan Arlit tun 1971, da na matatar man Damagaram ta 2011, daga waje aka kawo su. Da iyakar Benin ta rufe a 2023, hanyar Kwatano ta toshe, mun ga yadda ƙaramin kayan gyara ke tsai da babban aiki.

Ban ce mu koma ja da guga ba. Cewa nake, mai walda a tashar Filinge da ya gane sirrin jigo zai iya ƙera ƙaramin hannun ƙarfe da zai sauke injin mota ko buhun hatsi, bayan ƴan dako ya huta. Tsofaffin da suka san ɗaurin suna ƙarewa. In hutu ya zo, a je musu da takarda da alƙalami.