Goro da Tarihin Korar Barci a Ƙasar Kazaure

Goro shi ne abu mafi daɗewa da mutanen ƙasar Hausa suke ci don korar barci da wartsake gajiya. Itacensa ba ya fitowa a Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ba ya fitowa a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura, domin itacen kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Duk da haka da wuya a shiga kasuwa ko tasha ko wurin ɗaurin aure a wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa a rasa shi. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga sinadarin kafeyin, wanda shi ne kuma ginshiƙin shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari na zamani.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano ya danganta farkon yaɗuwar goro da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, inda ya ce Sarkin Nupe ya aika mata goro 10,000. Littafin ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Gwanja ƙasa ce da ke arewacin Ghana ta yau, a bakin kurmin Asante inda goro mafi daraja yake fitowa.

A waɗancan ƙarnuka goro abin sarakuna ne da attajirai. Nisan tafiya da saurin lalacewarsa sun sa tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Sarki yakan ba da shi kyauta ga malami ko jarumi ko baƙo mai daraja, wanda aka ba kuma ya san an girmama shi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, wanda ya ƙarfafa haramcin giya, goro ya ƙara samun wuri, domin abu ne mai motsa jiki da malamai ba su hana ba. A wannan zamani ne Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure, a tsakanin Kano da Katsina da Daura, wato a kan hanyar da kaya suke bi daga Kano zuwa Daura da Damagaram.

Ayarin Gwanja

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da fataucin goro ya kai ƙololuwa. Babbar kasuwarsa a lokacin ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda take ƙarƙashin ikon Asante tun tsakiyar ƙarni na 18. Asantawa suna kawo goro daga kurmi, Hausawa suna zuwa su saya. Rukuni uku na fatake suka fi shahara a wannan sana'a. Akwai Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a karkarar Kano da Katsina, akwai kuma Kambarin Barebari, 'yan asalin Barno, waɗanda suka yi cibiya a Gummi. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi a kansu a 1980.

Ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Madugu ne shugaba, shi yake magana da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, shi yake yanke hukunci idan rigima ta tashi. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da biyan kuɗaɗe, malamin ayari kuma yana duba ranar tashi, yana yin addu'a. Akan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Illo, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara. Kayan da ake tafiya da su sun haɗa da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da busasshiyar albasa da dabbobi, har da bayi a wancan zamani. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali unguwar Hausawa takan tsiro, shi ya sa har yau ake kiran unguwannin baƙi Musulmi a Ghana da sunan zango.

Wahalar dawowa ta fi ta tafiya, domin goro ɗanyen kaya ne. Idan ya bushe ya yi tauri ya rasa daraja, idan ya jiƙe da yawa ya ruɓe. Ana jera shi a cikin huhu, a lulluɓe da faffaɗan ganye mai riƙe laima, a ɗaure tamau, a ɗora wa jaki. Bayan 'yan kwanaki sai a sauke, a kwance, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Goro ɗaya mai sankara yana iya ɓata huhu guda. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 na goro suke shiga birnin a kowace shekara. Daga Kasuwar Kurmi ta Kano ne ƙananan 'yan kasuwa suke sara, su rarraba shi zuwa garuruwan arewa.

Daga jaki zuwa jirgin ƙasa

A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye, goro ya daina isa Salaga kamar da. Ciniki ya koma Kintamfo da Atebubu, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa watsa kasuwar, 'yan kasuwa da yawa suka koma Kete Karachi. A daidai lokacin aka fara ɗauko goro ta teku daga gaɓar Ghana zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar hanyar teku, kuma da jarin goro ya shiga cinikin gyaɗa.

Sauyi na biyu ya fi na farko girma. Manoman ƙasar Yarabawa, a wajen Agege da Otta da Shagamu, suka shiga dasa irin goron Gwanja a farkon ƙarni na 20. Cikin 'yan shekaru aka daina dogaro da Ghana. Hausawa suka kafa unguwannin Sabo a garuruwan kurmi, kamar ta Ibadan da aka kafa a 1916, inda fatoma yake saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya saya masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi. Goro ya yi araha, ya sauko daga fada zuwa aljihun manomi. Kuɗin gyaɗa da suka shigo karkarar Kano da Kazaure a zamanin Turawa sun ba talaka abin saye. A yau Nijeriya ce take noma kimanin rabin goron duniya, kuma kasuwar 'yan goro ta Mariri a Kano tana cikin manyan wuraren da ake sauke shi. Daga can ne yake bin titin Kano zuwa Daura ya sauka Kazaure, ya bazu zuwa kasuwannin ƙauye, wani kuma ya wuce iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar.

Iri-irinsa da matsayinsa a al'ada

Masu sana'ar suna raba goro bisa launi da girma da daɗewa. Akwai fari akwai ja, farin kuma ya fi daraja wajen kyauta. Manya su ne goriya da marsa, ƙanana su ne minu. Daushe shi ne wanda aka adana ya kwana biyu, ɗacinsa ya kwanta, tsofaffin maciya goro kuma sun fi son sa. Hannunruwa yana da yauƙi kuma ya fi araha. Namijin goro kuwa itace ne daban, ana cin sa ne don magani. Ana ƙirga goro da ƙwarya, wato guda 100. Mai goro a bakin kasuwa yakan jera hajarsa a faifai ko tire, ya rufe da jiƙaƙƙiyar algarara, yana ɗaga gefe ɗaya ya zaɓo wa mai saye, yana yayyafa ruwa idan rana ta yi zafi. Dattijon da haƙoransa suka zube bai rabu da goro ba, yakan ajiye magogi na gwangwani mai huje-huje a aljihu, ya goge ɓari guda a tafin hannu ya watsa a baki. Mata a da sukan haɗa shi da furen taba don rina haƙora.

Goro ya shiga kusan kowace hidima. Da shi ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake sanar da suna. Mai kai gaisuwa wurin surukai ko hakimi ko malami ba ya zuwa hannu rabbana. Yara suna karɓar goron Sallah, mai kawo labari mai daɗi yana neman goron albishir, ko da abin da za a ba shi kuɗi ne. A 'yan shekarun nan alewa da dabino da cingam sun shiga cikin kayan rabo a wurin ɗaurin aure, amma ba su fitar da goro ba.

Yadda yake korar barci

Masu dogon aiki su ne manyan abokan goro: manomi a tsakiyar damina, maɗinki a daren jajibirin Sallah, mai gadi, malami mai nazarin dare, direban babbar mota. Dukkansu sun san yana rage jin yunwa da gajiya, kuma ruwan da aka sha a bayansa yakan yi zaƙi. Masana kimiyya a Turai sun ware kafeyin daga kofi a 1819, suka gano shi a cikin goro a 1865. Yakan kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro, tare da ɗan tiyoburomin, sinadarin da ake samu a koko. Sunan da goro ya yi a Turai da Amurka shi ya sa John Pemberton ya sa shi cikin haɗin Coca-Cola a 1886.

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, taruwarsa kuma ita take kawo jin barci. Kafeyin yana zuwa ya toshe gurbin da adenosin yake kamawa, sai mutum ya ji idonsa ya buɗe. Ƙarfinsa yakan kai matuƙa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma sai bayan kamar awa 5 rabinsa yake barin jini. Adenosin ɗin bai tafi ko'ina ba, yana nan yana ƙaruwa, don haka idan kafeyin ya sake, gajiyar takan dawo gaba ɗaya. Abin da Bahaushe ya ce ne, barci ɓarawo ne.

Shayi da lemukan ƙara kuzari

A ƙarni na 20 goro ya samu abokan takara. Teburin mai shayi ya zama wurin zama a kowace tasha, kofi na gwangwani ya shigo, matasa kuma suka ɗauki dafa shayin buta irin na Buzaye. Daga baya lemukan ƙara kuzari suka iso. Asalinsu Asiya ne: Lipovitan ya fito a Japan a 1962 cikin 'yar ƙaramar kwalba, Krating Daeng ya biyo baya a Tailan, daga gare shi kuma aka samo Red Bull, wanda ya shiga kasuwa a Austiriya a 1987. A 2004 aka fitar da 5-hour Energy a Amurka, kwalbar kurɓi biyu mai ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 200, alhali gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80. A garuruwan Jigawa an fi ganin na roba da na gwangwani, irin su Fearless da Predator, a firjin masu shago da hannun 'yan talla a tasha. Ɗalibai masu shirin jarrabawa da 'yan acaɓa da direbobi su suka fi saye.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ƙarancin barci sun nuna cewa waɗannan abubuwan sha suna ƙara farkawa da saurin lura na ɗan lokaci. Akasarin wannan tasiri na kafeyin ne, hujjar cewa sinadarin taurin da bitamin B da ake ƙarawa suna da wani amfani na daban kuwa ba ta da ƙarfi. Bambancinsu da goro yana wajen yawa da sauri. Mai cin goro yana ɓantara yana taunawa a hankali, ɗacin kuma yana taka masa birki. Mai shan lemo yana shanye kwalba cikin minti kaɗan, sau da yawa tare da sukari mai yawa.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini, da miligiram 200 a sha ɗaya, ba su da haɗari ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200 a yini. Wuce haka yana kawo bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, yana kuma tayar wa mai gyambon ciki da ciwonsa. Jiki yana sabawa, har adadin da yake aiki a da ya daina isa, kuma wanda ya saba idan ya bari farat ɗaya yakan yi ciwon kai na 'yan kwanaki. Waɗannan illoli sun shafi goro da shayi da kofi da lemo baki ɗaya, kuma babu ɗayansu da yake biyan bashin barci.

A yanzu amfanin goro a ƙasar Kazaure ya rabu biyu. Wajen korar barci, matasa sun fi karkata ga shayi da kofi da lemukan kwalba, cin goro na yau da kullum ya fi yawa a tsakanin dattawa da manoma. Wajen aure da suna da gaisuwar manya kuwa, har yanzu ƙwaryar goro ake nema, kuma wannan buƙata ce take riƙe da cinikinsa daga kurmi zuwa Mariri, daga Mariri zuwa kasuwannin karkara.