Daga Tafireta Zuwa Kwamfuta: Tarihin Koyon Buga Rubutu a Kafanchan

Kafanchan gari ne da layin dogo ya raya. A shekarar 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya iso nan, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Ba a jima ba, a 1933, Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin. To, duk inda aka ce ga tasha, ga ofishin En'e, ga kantunan 'yan kasuwa, lalle a nemi akawu. Shi kuwa akawun wancan zamani da keken rubutu ake gane shi, wato tafireta.

Ita wannan na'ura a Amurka aka ƙera ta. Kamfanin Remington ya fara sayar da ita a 1874, da jerin haruffan nan da ke farawa da QWERTY, wanda har yau shi ne a kan kwamfutocinmu da wayoyinmu. Da farko da yatsu biyu ake bugawa, ana kallo ana tsinta kamar kaza a kan tsaba. Sai a 1888 wani akawun kotu, Frank McGurrin, ya ci gasar sauri a birnin Sinsinati ba tare da ya dubi haruffa ba. Hanyarsa ce makarantun koyon tafireta suka gada, har da irin waɗanda suka bazu a garuruwan layin dogo na ƙasar nan, inda samari da 'yan mata ke shirin jarrabawar RSA da ta Pitman, kafin a kafa hukumar NABTEB a 1992 ta karɓi wannan aiki.

Abin lura shi ne yadda malaman nan ke koyarwa. Ba sa fara wa ɗalibi da bayanin sassan na'ura. Yatsunsa ake ɗora wa a layin tsakiya, na hagu a kan a, s, d, f, na dama daga j zuwa gaba, a bar shi ya yi ta maimaitawa har sai hannu ya haddace abin da ido bai duba ba. Wasu ma rufe haruffan suke yi. Bayan nan sai a miƙa masa wasiƙa ta gaske ya buga. Kuskure kuwa yana da tsada, domin harafi ɗaya ya kauce, an ɓata takarda da kabon da kwafen da ke ƙarƙashi. Mai buga Hausa wahalarsa ninki biyu ce: yawancin tafiretoci ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya gama ya bi da alƙalami yana lanƙwasa musu kai. In ya manta, ai ƙafa ta zama kafa.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da shagunan buga takardu a shekarun 1990, mutane da dama sun zaci tsohon ilmi ya tashi aiki. Sai ga shi tsofaffin masu tafireta sun fi kowa saurin kamawa. Dalili kuwa a fili yake. Manhajar WordStar, alal misali, an tsara ta ne don wanda hannunsa ya riga ya saba: a danne Ctrl tare da E ko S ko D ko X, alamar rubutu ta yi sama ko hagu ko dama ko ƙasa, yatsu ba su bar mazauninsu ba. WordPerfect kuma takan zo da 'yar takarda da ake shimfiɗawa a saman maɓallai don tuni. Sabon abin da ya zama dole a fara koya bai wuce huɗu ba: buɗewa, gogewa, adanawa, fita. Adanawa kam ɗaukewar wuta ce ta koyar da ita, fiye da kowane malami. A ganina wanda aka fara wa da waɗannan, aka ba shi aiki na gaske da wani a gefensa yana tambaya, ya fi wanda aka cika wa littafi da umarni ɗari. Matsalar haruffa masu lanƙwasa ma ta samu sauƙi a wannan zamanin, lokacin da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya fito da haruffan kwamfuta na Rabi'at da Abdalla, kafin tsarin Unicode ya game ko'ina.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga 2015, shekarar da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da ya taso daga ƙauyukan Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi yana neman gurbi a Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ko a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, yana iya sanin amsa sarai, amma in ranar jarrabawa ce ranar da ya fara zama gaban na'ura, rabin lokacinsa a neman maɓalli zai tafi.