Majalisar Dattawan Nijeriya a Zamanin Sarauniya

Da yawa daga cikin yaranmu ba su san cewa bayan Nijeriya ta sami 'yancin kai, ran 1 ga Oktoba 1960, ta yi shekara uku cur da Sarauniya Elizabeth ta Ingila a matsayin shugabar ƙasa ba. Mu nan Dahomey, wato Binin ta yau, jamhuriya muka zama tun ranar 'yancinmu. Su kuwa Gwamna Janar ne wakilin Sarauniya, mulki yana hannun Firayim Minista, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da majalisu biyu a Legas.

Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, Arewa ta ɗauki 174 saboda yawan jama'arta. Wannan ya ba mutanen Kudu tsoro. Don haka aka kafa Majalisar Dattawa mai mutum 44, inda aka daidaita jihohi: Arewa 12, Gabas 12, Yamma 12, Legas 4, sai 4 da Gwamna Janar yake naɗawa. Sai mai shekara 40 yake shiga. Shugabanta na fari Dokta Nnamdi Azikiwe ne, da ya zama Gwamna Janar kuma Dennis Osadebay ya gaje shi.

Amma ƙarfinta kaɗan ne. Ba ta iya kashe doka, sai dai ta jinkirta ta: dokar kuɗi wata ɗaya, sauran wata shida. Kuma ba talakawa suke zaɓen dattawan ba, gwamnatin kowace jiha ce take kawo sunayensu. To, a Arewa jam'iyyar NPC ke mulki. Saboda haka ƙananan kabilu na Tsakiyar Nijeriya, inda Kirista suke da yawa, waɗanda suka kai kukansu gaban Hukumar Willink a 1958, ba su sami mafaka sosai a wannan majalisa ba. An daidaita manya uku, aka manta da ƙananan da ke ƙarƙashinsu.

Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya. A Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki, Nwafor Orizu, shugaban dattawan, shi ya miƙa mulki ga Janar Ironsi.

'Yan'uwa, Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa, mulkinsa ya tsage. Mu ma da muke zaɓen dattawan ikilisiya, mu tabbata maganarsu tana da nauyi, kuma ƙaramin ƙauye yana da mai faɗa masa a cikinsu.