Zargin aikata laifi a cikin shari'ar inshora

Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ta ratsa gefen dajin Kamuku, na cikin hanyoyin da manyan motocin dakon kaya ke bi zuwa kudu maso yammacin Nijeriya.

Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi hanyar, kafin sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla da su a shekarar 2024.

Idan aka ƙwace mota a irin wannan hanya, mai ita kan nemi diyya daga kamfanin inshora. Idan kamfanin ya ƙi biya, sai ya shigar da ƙarar neman haƙƙi.

A nan ne wani lokaci kamfani kan ce babu fashin da aka yi, mai motar ne ya haɗa baki da direba suka karkatar da kayan.

Me doka ta ce?

A ƙarar neman haƙƙi, wanda hujjarsa ta rinjaya shi ke yin nasara. To amma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan shari'a ta rataya a kan zargin cewa ɗaya daga cikin masu shari'ar ya aikata laifi, tilas wanda ya yi zargin ya tabbatar da shi ta yadda babu sauran kokwanto.

Wato nauyin da ke kan mai gabatar da ƙara a shari'ar ɓarawo, shi ne zai hau kan kamfanin.

Kotun Ƙoli ta bi wannan ƙa'ida a shari'ar Jim Nwobodo da C.C. Onoh kan zaɓen gwamnan Anambra na 1983. A Ingila kuwa rinjayen hujja ya wadatar, ko da zargin na zamba ne.

Wajibi ne kuma kamfanin ya zayyana zargin dalla-dalla a takardar kare kansa tun da farko.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne idan abin ya faru a tsakiyar daji, inda sau da yawa direba da yaron mota ne kaɗai shaidu. Zato, komai ƙarfinsa, ba ya zama hujja.

Ko da kamfanin ya yi nasara, iyakarta mai motar ya rasa diyya. Alƙalin ba zai ɗaure shi a wannan shari'a ba, sai an gurfanar da shi daban bisa tuhumar aikata laifi.