Yadda Wawa Ya Zama Mutumin Kirki

Idan Bature ya ce abinci "nice" ne, daɗi yake nufi. Idan riga ce, kyau. Idan mutum ne, kirki. Abubuwa uku da Bahaushe ya ba kowanne sunansa, Ingilishi ya haɗa su a kalma ɗaya, kuma a nan mai koyo yakan yi tuntuɓe. A ce wa budurwa "nice", ta ɗauka fuskarta aka yaba, alhali maganar halinta ake yi.

Da a Ingila ta wajen shekarar 1300 aka faɗa mata haka, zaginta aka yi. Asalin kalmar "nescius" ne na Latin, wato wanda bai sani ba, daga saiwar "scire", sani, wadda ita ce ta haifi "science". Ta biyo ta tsohon Faransanci, harshen fadar Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, ta iso da ma'anar wawa. Daga nan ta yi ta yawo: ta taɓa nufin mai yanga, ta taɓa nufin mai tsantseni wanda ba komai yake ci ko sawa ba. A ƙarni na 16 ta koma nufin abin da aka tantance daidai wa daida. Sai a ƙarni na 18 ta zauna kan abin da ke faranta rai. Birnin Nice na Faransa kuwa ba ɗan gidan ba ne, sunansa daga Girkanci ya fito, daga kalmar nasara.

Yawan amfani ya sa ta salance tun da wuri. A littafin Jane Austen, Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817, Henry Tilney ya zolayi Catherine Morland a kan kalmar, don ta zama abin liƙa wa komai. Ina ganin yana da gaskiya. Yabo ne mara nauyi, irin "ba laifi" ɗinmu idan aka ɗan ƙara masa sukari. Marubucin da ya kwana yana aiki aka ce rubutunsa "nice" ne, kada ya yi saurin murna.

Murya ma tana juya ta. Ka zubar da shayi a kan takardun abokin aikinka, ya dube ka ya ja kalmar a hankali, to gatse yake yi maka, ka nemo tsumma.