Bindigar Da Ta Kashe Shugaba Kennedy: Ina Ta Kwana?

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata tsohuwar bindigar yaƙi, wadda aka sayar kamar gwanjo, amma ta girgiza duniya baki ɗaya.

Sunanta Carcano, ƙirar ƙasar Italiya. An ƙera ta a shekarar 1940 a masana'antar makamai ta garin Terni, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ci, aka buga mata lamba C2766. Da yaƙi ya ƙare, sai irinta suka yi wa sojan Italiya yawa. Daga baya gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa, su kuma suka yi jigilarsu zuwa Amurka, suna sayar wa maharba da araha.

A watan Maris na 1963 wani tsohon soja mai suna Lee Harvey Oswald ya ga tallarta a wata mujalla. Bai ko taka ƙafa zuwa kanti ba. Ta gidan waya ya aika da dala 21 da santi 45 zuwa kantin Klein's da ke Shikago, da sunan ƙarya wai A. Hidell. Aka naɗe bindiga, har da madubin hangen nesa a kanta, aka turo masa akwatin gidan waya a Dalas. Babu wanda ya tambaye shi ko shi wane ne.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka harbe Shugaba John Kennedy yana cikin buɗaɗɗiyar mota a Dalas. 'Yan sanda suka tsinci bindigar a ɓoye tsakanin kwalaye, a hawa na shida na gidan ajiyar littattafan makaranta inda Oswald ke aiki, da kwanson harsashi 3. Da farko ma wasunsu sun zaci Mauser ce ta Jamus, kuma wannan kuskure yana cikin abin da ya haifar da ka-ce-na-ce har gobe. Bayan kwana biyu wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya harbe Oswald a hannun 'yan sanda, don haka ba a taɓa yi masa shari'a ba. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Warren ya bayyana a 1964 cewa da wannan bindiga aka yi kisan.

To, mai bindiga ya mutu, bincike ya ƙare. Ta wa ce ke nan?

Nan fa ake yin ta. Wani attajirin man fetur daga Denver, John King, mai sha'awar tara bindigogi, ya je wa matar Oswald, Marina, ya ba ta dala 10,000, ta sayar masa da haƙƙinta na gado a kan bindigar da kuma ƙaramar bindigar mijinta. A 1965 ya kai gwamnati ƙara, ya ce a ba shi kayansa. Gwamnati ta ga abin kunya ne makamin da ya kashe shugaban ƙasa ya zama abin kallo a biya. Majalisa ta yi doka ta musamman a Nuwamba 1965, wadda ta ba gwamnati ikon mallakar duk kayan shaidar, kuma a 1966 ta mallake su. King bai haƙura ba, ya nemi diyyar dala miliyan 5. A 1969 kotu ta ce ai Oswald jefar da bindigar ya yi ya gudu, abin da aka yar kuwa ba ya shiga gado. Marina ta sayar da abin da ba nata ba, attajiri ya tashi a tutar babu.

Yanzu bindigar tana kulle a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, a College Park kusa da Washinton. Ita kuwa ta Ruby, da yake ta koma hannun danginsa, an yi gwanjonta a 1991 a kan dala 220,000. Abu guda da ya sauya shi ne a 1968 Amurka ta hana sayar wa kowa bindiga ta gidan waya.

Jama'a, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma mun gani bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, yadda makaman da suka salwanta suka faɗa hannun ɓarayi, har gwamnatin Gowon ta yi dokar kisa a kan fashi da makami, aka harbe su Oyenusi a Bar Beach a 1971. Motar da aka kashe Janar Murtala a cikinta a 1976 kuwa an ajiye ta a gidan tarihi na Onikan a Legas, ba a bari ta shiga kasuwa ba.

Yaƙi yana ƙarewa, amma bindiga ba ta ritaya. Ta Terni ta yi shekara 23 kafin ta yi ɓarnar da aka san ta da ita. Mu da ke zaune a garin wasu, masu masauki da masu shago, kada mu karɓi ajiyar ƙunshin da ba mu san abin da ke ciki ba, komai kusancin mai shi. Laifin mutum ɗaya duk zango ake ɗora wa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.